Kafin a Soka Allura, a Ɗebi Samfuri: Shawara Kan Gano Ciwon Numfashi a Jikin Maruƙa

Gabatarwa

Maraƙin da ke ɗaure a dangwali yau shi ne saniyar tatsa ko bijimin huɗa na shekaru uku zuwa huɗu masu zuwa. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, kuma shanunmu na gida, irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji, ba kasafai suke haihuwa kowace shekara ba. Bugu da ƙari, yawancinsu ba sa sakin nono sai maraƙi ya fara tsotsa. Saboda haka idan maraƙi ya mutu, hasarar biyu ce: an rasa dabba, an kuma rasa nonon da uwar gida ke sayarwa ta sayi gishiri da sabulu.

Ciwon numfashi yana cikin manyan abubuwan da ke kashe maruƙa, shi da zawo. Abin da aka saba yi a garkuna da yawa shi ne, da zarar maraƙi ya fara tari da majina, sai a tafi kasuwa a sayo kwalbar allura ko kafso mai ja da rawaya, a ɗura masa. Idan bai warke ba a sayo wata kwalbar. Idan ya mutu, a jefar da huhun ko a bar wa karnuka. Haka za a bi maraƙi na biyu da na uku, ba tare da an san sunan abin da ke kashe su ba.

Ra'ayina a wannan takarda guda ɗaya ne. Duk garken da maruƙa biyu ko uku suka kamu da ciwon numfashi a cikin mako guda, ko kuma wanda aka yi wa magani bai ji ba, wajibi ne a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaje-gwaje, kuma a ɗebe shi kafin allura ta shiga jiki. Sai dai samfuri suna ne kawai ya tara. Wurin da aka ɗebo shi, da maraƙin da aka zaɓa, da yadda aka kai shi, su ne ke sa sakamako ya zama gaskiya ko ya zama yaudara. Wannan shi ne abin da nake son malaman gona da makiyaya su fahimta.

Tari Ɗaya, Masu Haddasa Shi da Yawa

Maraƙi mai tari, da zazzaɓi, da majina, da numfashi sama-sama, kamanninsa ɗaya ne a ido, ko mene ne ya kama shi. Amma masu haddasa ciwon sun bambanta, haka ma maganinsu.

Da farko akwai ƙwayoyin bairas. Su ne kan buɗe ƙofa, su lalata 'yan gashin da ke share ƙura da majina daga maƙogwaro. Babu allurar kashe bakteriya da ke taɓa su. Bayansu sai bakteriya su sauka cikin huhu. Waɗanda aka fi sani su ne Pasteurella multocida, da Mannheimia haemolytica wadda kafin shekarar 1999 ake kiranta Pasteurella haemolytica, da Histophilus somni, da kuma Mycoplasma bovis. Ita wannan ta ƙarshe ba ta da ɓawon da sauran bakteriya ke da shi, alhali kuwa ɓawon nan ne fenisilin ke fasawa. Ke nan duk wanda ya yi wa maraƙi mai Mycoplasma allurar fenisilin, ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Har ila yau akwai tsutsar huhu, wadda ke sa tari mai tsanani. Ita a kashin dabba ake gano ta, kuma maganin tsutsa take ji.

Sai babbar cutar da kowane makiyayi ke tsoro, wato ciwon huhu mai yaɗuwa, wanda ƙwayar Mycoplasma mycoides ke haddasawa. A nan akwai abin lura da ba kowa ya sani ba. A jikin manyan shanu cutar huhu take kamawa. Amma a jikin maruƙan da ba su kai wata shida ba, sau da yawa gaɓoɓi take kamawa, sai a ga gwiwa da idon sawu sun kumbura, maraƙi yana ɗingishi, ba ya ko tari. Don haka ana iya ganin maraƙi mai tari a ce huhu ne alhali ba shi ba ne, a kuma raina mai kumburin gwiwa alhali shi ne ke shelar cewa cutar ta shigo garke. Daga shigar ƙwayar jiki zuwa bayyanar alamu ana iya ɗaukar mako uku har zuwa wata shida, wato saniyar da aka sayo a kara tun bara-da-rani tana iya zama tushen abin da ake gani da damina.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai gane cewa sayen magani ba tare da gwaji ba lalube ne cikin duhu.

Hanci Daban, Huhu Daban

Kafin mu shiga hanyoyin ɗibar samfuri, akwai magana ɗaya da ita ce ginshiƙin sauran. Ƙwayoyin Pasteurella da Mannheimia da Histophilus suna zaune a cikin hanci da maƙoshin shanu masu ƙoshin lafiya, ba sa yi musu komai. Sai jikin maraƙi ya yi rauni, saboda ƙarancin dakashi, ko sanyin hunturu da ƙurarsa, ko dukan ruwan sama, ko doguwar tafiya, ko harawa da dusar da suka yi fumfuna, sannan su sami hanyar gangarawa cikin huhu. Saboda haka idan an goge bakin hancin maraƙi aka sami Pasteurella, wannan kaɗai bai tabbatar da cewa ita ce ke cikin huhu ba. Mai gida aka tarar a gidansa. Gwargwadon kusancin samfuri da huhu, gwargwadon amincin sakamakonsa. Gwargwadon kusancin nan kuma, haka wahalar ɗibarsa da tsadarsa ke ƙaruwa.

Hanyoyin Ɗibar Samfuri

1. Gogar bakin hanci. Ana sa gajeren tsinken auduga na asibiti a goge cikin hanci. Ita ce mafi sauƙi da araha, ba ta kuma wahalar da maraƙi. Aibinta shi ne tana kwaso ƙura da dattin abinci da ƙwayoyin da ba ruwansu da ciwon. A ɗakin gwaji waɗannan baƙin ƙwayoyi sukan yi saurin tsiro, su rufe wadda ake nema.

2. Gogar can cikin hanci. Ana amfani da dogon tsinke wanda ke cikin kube. Sai a kama kan maraƙi da kyau, a share bakin hancin, a auna tsawon daga ƙofar hanci zuwa kusurwar ido ta ciki, domin iyakar inda tsinken zai kai ke nan. A zura shi ta ƙasan hanci a hankali, idan ya isa a turo audugar daga cikin kuben, a jujjuya ta, a mayar da ita cikin kuben kafin a zaro. Amfanin kuben shi ne kare audugar daga dattin bakin hanci a shiga da fita. Ma'aikacin lafiyar dabbobi da aka koya wa zai iya yin wannan a ruga.

3. Wankin maƙogwaro ta wuya. Likitan dabbobi ne kaɗai ke yin wannan. Ana aske wuri a gaban wuya, a tsabtace shi, a kashe zafin wurin da allura, a huda tsakanin zobban maƙogwaro, a zura siririn tiyo. Sai a tura ruwan gishiri na asibiti kamar mililita 20 zuwa 30, a zuƙo abin da ya dawo da sirinji. Tun da tiyon bai bi ta hanci ba, samfurin yana fitowa da tsabta. Amma aiki ne mai ɗaukar lokaci, mai bukatar kayan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, kuma makiyaya da yawa ba sa son ganin an huda wuyan dabbarsu.

4. Wankin cikin huhu ta hanci. Shi ma aikin likita ne. Ana zura dogon tiyo mai laushi ta hanci, ya bi maƙogwaro har ya tokare a cikin wani reshe na huhu. A tura ruwan gishiri gwargwadon girman maraƙin, a zuƙo. Idan ruwan ya dawo da kumfa, alama ce ya kai can cikin huhu. Ba a huda fata, kuma ƙwararre yana gamawa cikin 'yan mintoci. Sai dai ba a yi wa maraƙin da numfashinsa ya riga ya yi tsanani ƙwarai.

5. Jini. Ana ɗibar jini a kwalbar gwaji, a jingine ta har ya daskare, a tsiyaye ruwan da ya taso sama. A cikinsa ake neman alamar cewa jiki ya yi yaƙi da wata cuta. Don a san ciwon na yanzu ne, sai an ɗiba sau biyu, mako biyu zuwa uku tsakani, a ga ko alamar ta ƙaru. A jikin ƙananan maruƙa wannan gwaji yana iya rikitarwa, domin garkuwar da suka sha a dakashi ita ma tana fitowa. Inda jini ya fi amfani shi ne binciken ciwon huhu mai yaɗuwa a garke baki ɗaya, kuma manyan shanu ake ɗiba, da yawa, ba guda ɗaya ba. Maraƙi mai kumburin gwiwa kuwa, likita zai zuƙi ruwan gaɓar da sirinji ya haɗa da shi.

6. Huhun wanda ya mutu ko aka yanka. A nan ciwon kansa ake gani da ido, a kuma yanko shi da hannu. Huhu mai lafiya launinsa ja-ja ne mai haske, yana da laushi kamar soso, kuma yana tasowa a kan ruwa. Wanda bakteriya suka kama yakan yi duhu, ya yi tauri kamar hanta, musamman ta gaba da ta ƙasa, kuma idan an jefa gutsurensa a ruwa nutsewa yake yi. Na ciwon huhu mai yaɗuwa yakan kama gefe ɗaya, idan an tsaga shi a ga zane-zane masu faɗi sun rarraba shi, ga ruwa mai launin rawaya ya taru a ƙirji. Ana yanko gutsure kamar girman kwalin ashana daga kan iyaka, inda ɓangare mai ciwo ya haɗu da mai lafiya, domin a nan ƙwayoyin suke raye suna aiki. A haɗa da kaluluwar da ke tsakanin huhun biyu, da ruwan ƙirji a cikin sirinji.

Wace Ce ta Fi Dacewa da Mu?

Masana sun gwada waɗannan hanyoyi da juna. A shekarar 2017 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka a kan maruƙa 100 na shanun madara masu sabon ciwon numfashi, inda aka ɗebi samfuri daga kowane maraƙi ta hanyoyi huɗun farko. An tarar cewa wajen gano Pasteurella da Mannheimia da Mycoplasma bovis, sakamakon gogar hanci ya yi daidai ƙwarai da na wankin maƙogwaro. A wannan shekarar kuma masana a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam suka kwatanta gogar can cikin hanci da wankin cikin huhu. Sun tarar cewa ruwan wankin huhu ya fi ba da ƙwaya tsantsa ba gauraye, ya kuma fi kamo Histophilus, ita kuwa audugar hanci ta fi kwaso tarkacen ƙwayoyi.

Abin da za a ɗauka daga binciken biyu shi ne, wankin huhu ya fi aminci, amma gogar hanci ma tana da amfani muddin maraƙin da aka goga yana cikin ciwon da gaske, kuma an goge maruƙa da dama, ba ɗaya ba.

A ganina, ga garken da ke daji ko ƙauye, nesa da asibitin dabbobi, abubuwa biyu ya kamata mu riƙe da ƙarfi. Na farko, gogar can cikin hanci daga maruƙa uku zuwa biyar masu sabon ciwo. Idan ƙwaya ɗaya ta fito a yawancinsu, to an sami hujjar da za a yi aiki da ita. Na biyu, huhun duk maraƙin da ya mutu ko aka yanka. Wannan shi ne samfurin da ya fi kowanne daraja, ba a saya da kuɗi, amma shi ne muka fi zubarwa. Wankin huhu da na maƙogwaro kuwa a bar su ga gonakin madara da garkunan da ke kusa da likita, ko kuma inda aka yi gogar hanci sakamakon bai fito fili ba. Bai kamata mu zauna jiran kayan aikin da ba mu da su ba, alhali wanda ke hannunmu yana ruɓewa a bayan ruga.

Wane Maraƙi Za a Zaɓa?

Idan likita ya zo, makiyayi yakan jawo maraƙin da ya fi ramewa, wanda ya yi mako uku yana tari, ya sha allura iri-iri. Tausayi ne ke sa haka, amma wannan maraƙin shi ne mafi ƙarancin amfani wajen gwaji. Maganin da ya sha ya riga ya danne ƙwayar da ta fara ciwon, ba za ta tsiro a ɗakin gwaji ba. Abin da za a samu shi ne 'yan cin gawa, irin su Trueperella pyogenes mai tara mugunya, wadda daga baya ta shigo.

Wanda ake so shi ne maraƙin da ciwon ya kama jiya ko shekaranjiya, wanda ba a yi masa allura ko ɗura ba. A sa ma'aunin zafin jiki a duburarsa da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Idan ya wuce digiri 39.5 a ma'aunin Salshiyas, zazzaɓi ne. A duba maƙwabtansa a dangwali, domin maruƙan da ke kwana hanci da hanci su ne kan bi juna. Wanda ya rage tsotso, ya sunkuyar da kai, kunnensa ya langaɓe, a auna shi ko da bai fara tari ba.

Haka ma gawa. A zafin ƙasarmu ruɓa tana farawa cikin 'yan sa'o'i, ƙwayoyin hanji su mamaye ko'ina. Huhun da ya kwana a rana ba shi da sauran amfani. A nan dole a yi gargaɗi. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura kuma ba ya daskarewa, kada a kuskura a buɗe ta, kada a feɗe, kada a ci. Alamar ciwon saifa ce, kuma yana kama mutane. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja. Irin wannan gawa likita ake kira mata. Sauran gawarwakin ma a sa safar hannu da takunkumi kafin a taɓa huhunsu, saboda tarin fuka na shanu yana kama ɗan Adam.

Daga Garke Zuwa Ɗakin Gwaji

Samfuri mai kyau yana iya lalacewa a hanya. Ga ƙa'idojin da za a kiyaye:

- A mayar da tsinken auduga cikin kwalbarsa mai ɗauke da sinadarin da ke raya ƙwayoyi a tafiya. Audugar da ta bushe ta tashi aiki, musamman ga Histophilus wadda ba ta da juriya.
- Kowane gutsuren huhu a sa shi a tsabtatacciyar roba mai murfi ko sabuwar leda, shi kaɗai. Kada a wanke shi da ruwan rafi, kada a sa masa gishiri.
- Idan likita yana son a duba naman a madubin ƙara girma, sai a yanko wani gutsure dabam wanda kaurinsa bai wuce santimita 1 ba, a tsoma shi a ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau goma. Fomalin yana kashe ƙwayoyi, don haka kada ya taɓa wanda za a shuka.
- A jera samfuran a kula tare da ƙanƙara, a sa kwali ko tsumma tsakaninsu da ita. Sanyi ake so kamar na firji, wajen digiri 4. Kada a daskarar da su sai ɗakin gwaji ne ya ce a yi. Kular nan kuma kada ta koma ta abinci ko ta nono.
- A kai su cikin kwana ɗaya, in an daɗe biyu. A buga waya tun kafin a tashi, domin kada a isa ranar Juma'a da yamma a tarar an rufe.
- A haɗa da takarda mai ɗauke da sunan wuri, da kwanan wata, da shekarun maraƙi, da yawan shanun garke, da nawa suka kamu, da nawa suka mutu, da rigakafin da aka yi, da maganin da aka bayar, da ko an shigo da sabuwar dabba. A faɗi gaskiya game da magani. Idan an riga an yi allura, ɗakin gwaji yana iya komawa ga gwajin PCR, wanda ke gano ƙwaya ko da ta mutu, ko da yake ba shi ne ake dogara da shi wajen zaɓen maganin da zai kashe ta ba.

Wurin kaiwa na farko shi ne ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha. Daga nan akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana kuma da rassa a jihohi da dama. Ita ce ke yin allurar rigakafin ciwon huhu mai yaɗuwa da ta ciwon saifa. Akwai kuma asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'i, kamar na Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Makurdi da Ibadan da Abeokuta da Nsukka.

Ƙorafin Makiyayi da Amsarsa

Makiyayi zai ce: kafin sakamako ya fito ai maraƙina ya mutu. Maganarsa tana da tushe, domin shuka Pasteurella da Mannheimia tana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu, gwajin magani ya ƙara wani kwanan, Mycoplasma kuwa tana iya kai mako guda ko fiye. Amma babu wanda ya ce a jira sakamako kafin a yi magani. Ɗibar samfuri minti biyar ce. A ɗiba, nan take likita ya yi allurar da ya ga ta fi dacewa. Sakamakon zai amfani maruƙan da ke biye, da na baɗi, da na maƙwabta.

Zai kuma ce gwaji da kuɗin mota sun yi tsada. To, a zauna a yi lissafi: kwalba nawa aka saya tun farkon ciwon, nawa ne kuɗin maraƙi ɗaya, ƙwarya nawa ta nono aka rasa. Sannan rugage da ke shan ruwa a mashaya ɗaya galibi ciwonsu ɗaya ne, suna iya haɗa kuɗi su tura mutum guda da kula guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙorafi na uku ba a cika faɗarsa a fili ba, wato tsoron kada a gano ciwon huhu mai yaɗuwa hukuma ta hana garke motsi. Gaskiya ne cuta ce da doka ta wajabta a sanar da hukuma. Amma ɓoye ta ba ya korar ta. Allurar da ake yi a ɓoye tana iya kwantar da alamu, garke ya ci gaba da cuɗanya a mashaya da kasuwa, cutar ta bi maƙwabta, daga baya ta dawo gida. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Sanarwa da wuri ita ce ke kawo rigakafi ga garkunan kewaye, kuma rigakafin nan sai ana sabunta shi kowace shekara.

Akwai kuma hasarar da ba a gani nan take. Duk lokacin da aka yi allurar da ba ta dace ba, ko aka yi rabin awo, ƙwayoyin da suka tsira sukan zama masu taurin kai, su hayayyafa. Maganin da ke aiki bara sai ya daina aiki bana. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma in an auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne abin ya fi shafa. Magungunan da muke zuba wa shanu dangin waɗanda ake ba 'ya'yanmu ne a asibiti. Don haka a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nono ko a ci naman dabbar da aka yi wa allura.

Aikin Malamin Gona

Malamin gona ba likitan dabbobi ba ne, kuma ba a bukatar ya zura tiyo a huhun maraƙi. Amma shi ne ke shiga ƙauyuka da rugage kowane mako, shi ne kan fara jin labari. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne. Ya riƙe lambar wayar likitan dabbobi na yankinsa da ta ɗakin gwaji mafi kusa. Ya ajiye ma'aunin zafin jiki da safar hannu da sabuwar leda a jakarsa, ya kuma san mai sayar da ƙanƙara a garin. Ya roƙi makiyayi ya dakata da allura na 'yan sa'o'i idan likita yana kan hanya, ya kuma ware marasa lafiya daga dangwali. Ya yi magana da mahauta da sarkin fawa, domin su ne suka fi kowa ganin huhu, su riƙa sanar da shi idan sun ga wanda ya yi tauri ko ya manne da haƙarƙari. Idan sakamako ya fito, ya koma rugar ya bayyana shi da harshen da za a gane. Makiyayin da aka ɗebi samfuri a garkensa bai sake jin komai ba, ba zai yarda a karo na biyu ba. Duk wannan shiri kafin hunturu da kafin faɗuwar damina ake yin sa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Gwaji ba ya maye gurbin kiwo nagari. Maraƙi ya sha dakashi ya ƙoshi cikin sa'o'i shida na farko bayan haihuwa, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya ƙara karɓar garkuwar da ke ciki. A rage masa nono idan ana tatsa, a kare shi daga iskar hunturu da dukan ruwa, a keɓe sabuwar dabba kafin ta shiga garke, a yi rigakafi a kan lokaci. Amma idan duk da haka ciwo ya shigo, to a zaɓi maruƙa uku zuwa biyar masu sabon ciwo, a goge can cikin hancinsu kafin allura, a adana huhun wanda ya mutu, a sa a ƙanƙara, a kai da wuri tare da cikakken bayani. Hukumomin aikin gona na jihohi da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024 su ma su taimaka da tsinken auduga mai kube da kula a ofisoshin ƙananan hukumomi, domin kayan nan ba su kai kuɗin maraƙi ɗaya ba. Allah Ya albarkaci dukiyarmu, Ya kare ta daga annoba, amin.